Rautar Ɗakin Marigayi

Shafi na 23

Masu biyo ni ta akwatin saƙo kuna cewa Nafisa ta cika sanyi, duk na gani. Har da mai cewa da ita ce da tuni ta sa taɓarya ta ɓalle ƙofar. Sannunki da ƙarfin hali, 'yar'uwa, ai a waya kowa jarumi ne. Mu je zuwa.

*

Kwanan Nafisa hamsin da biyu ke nan cikin takaba, kuma in ka tambaye ta abin da ya fi cin ranta bayan rashin Isyaku, ba za ta ce zaman ɗaki ba, ba za ta ce 'yan gaisuwa masu zuwa su ƙare mata kallo ba. Rauta za ta ce. Wani ɗan farin akwatin roba mai ƙaho biyu, wanda ke raba wa gidan wayfay daga ɗakin marigayi da ke saman bene, ɗakin da yayansa Malam Gwadabe ya garƙame da kwaɗo tun ranar sadakar uku, ya ce ba mai shiga sai ranar rabon gado.

Da wannan akwatin take ci, da shi take ciyar da 'yarta Mero. Yara tara ne, 'ya'yan Hausawa mazauna Ingila, take biya wa karatun Alƙur'ani ta kiran bidiyo kullum ƙarfe biyar na yamma, shekara huɗu ba fashi. Tun da ta koma koyarwa bayan sadakar arba'in kuwa, sau ɗaya tak karatun ya kai ƙarshe. Yaro zai ja aya, bakinsa ya tsaya a buɗe a kan gilashin waya, ita tana nan tana "ina jinka, ci gaba," shi yana can yana "Malama, kin daskare." Kafin hoto ya dawo rabin lokaci ya tafi.

Jiya Hajiya Fatima, wadda ta haɗa kan iyayen yaran ta nemo Nafisa tun farko, ta turo saƙon murya. Ta sake yin ta'aziyya, ta yi addu'a, ta kewaya ta kewaya, sannan ta sauka inda za ta.

"Malama, wallahi nauyinki nake ji. Amma iyayen sun matsa, har sun yi magana da wata malama a Zariya. In na gobe ma ya yanke, sai dai mu yi haƙuri da juna."

Goben ce yau.

Kada wani ya ce ta zauna ta naɗe hannu. Gidan tsohon ginin ƙasa ne irin na Koki, katangarsa ta kai kamu biyu, maƙwabta kuma sun tayar da benaye ta kowace fuska sun lulluɓe shi, sabis ba ya sauka tsakar gida sai dai ya leƙo ya koma. Ta hau turmi ta ɗaga waya sama har kafaɗarta ta yi tsami. Yayanta Kyari ya kawo mata ƙaramar rauta ta aljihu, aka zaga da ita kowane saƙo na gidan, ko layi ɗaya ba ta kama ba. Wuri guda ne sabis yake zama daram, tagar ɗakin sama mai kallon ƙarfen sabis, kuma nan ne a kulle. Da ba don takaba ba da ta hau adaidaita zuwa gidansu a Mandawari ta yi karatunta ta dawo. Ta san akwai malaman da suka yi sauƙi in lalura ta kama, amma a gidan nan ko zaure ta leƙa sai labari ya kai unguwa uku kafin Magariba.

Har wata dabara ta koya. In rautar ta sume, sai ta je ta kashe makunnin sola na gidan gaba ɗaya ta sake kunnawa, don ta farfaɗo da ita daga ƙasa. Fankar surukarta ta tsaya, firji ya yi ajiyar zuciya, tsohuwa ta ɗaga murya daga ɗaki tana tambayar wa ya ɗauke wuta. Da farko dabarar takan ba ta minti goma. Yanzu ko biyar ba ta bayarwa.

Shi ya sa yau da hantsi ta je ta durƙusa gaban surukar tata, Hajiya 'Yardada, ta zayyane mata komai. Ta ce ba kayan ɗaki take so ba, ko allura ba za ta ɗauka ba, a bar yayanta ya duba na'urar nan kawai. Tsohuwar ta murza gwiwarta mai ciwo, kana ta ce za ta yi wa Babba magana. Haka take kiran Gwadabe, ɗan fari ne, ba ta kama sunansa.

Shi Malam Gwadabe kullum in ya sallame La'asar yakan rufe shagonsa na littattafai a Kurmi ya zo gaida tsohuwa, ya zauna a ƙofar ɗakinta har a kira Magariba. Mutum ne da ya haddace babin gado kamar sunansa, ya san mai cin sudusi da mai cin sumuni, amma waya in ta wuce kira da amsawa to ta fi ƙarfinsa. Yau ya iso huɗu da kwata, ya tarar da Kyari yana jiransa a zaure da jakar kayan aiki. Da tsohuwa ta yi masa magana ya amince zai buɗe, amma da sharaɗi, kuma sai da ya maimaita shi sau uku kafin su ƙure matakala: abin da ke ɗakin haƙƙin magada ne, har da marainiya a ciki, ba a fitar da komai, ba a shigar da komai, ba a musanya komai.

Kyari ya ce to. Mai gyaran waya ne, ya saba da masu kawo masa aiki su tsaya a kansa suna koya masa sana'arsa, don haka "to" ba ta yi masa wuya.

Nafisa ta biyo su a baya cikin dogon hijabinta, ta tsaya a bakin ƙofa. Ba ta shirya wa ƙamshin ba. Turaren Isyaku ne, wanda yake fesa wa hulunan da yake sayarwa, ya kwana hamsin a rufe ya ƙara ƙarfi. Kewarsa ta taso mata, ta dafa bango ta haɗiye abarta. Yau ba ta da lokacin kuka.

Komai na ɗakin an lulluɓe shi da zannuwan gado, tebur, kujera, akwatunan huluna, har madubi. Kyari ya waiga hagu da dama bai ga rauta ba, ya tambaya. Gwadabe ya nuna bakin taga da carbinsa, cikin jin daɗin wanda ya yi abin kirki. Kwandon huluna ya kife a kanta, ya ninke darduma ya ɗora a sama, don kada ta lalace kafin rabo.

Kyari ya ɗauke darduma, ya ɗaga kwando, ya kai hannu ya janye da sauri.

"Malam, ai wannan da ƙwai aka fasa a kai da ya soyu."

Gwadabe ya ce shi dai amana ya tsare. Kyari ya yi masa bayani cikin ladabi cewa ƙananan ramukan nan na jikinta ta nan take shan iska, in aka toshe sai zafi ya dafa ta, ta riƙa sumewa. Ga shi dama tsohuwa ce. Isyaku ya saye ta ana tsakiyar kamfen, an yi wannan zaɓen, an yi wani, ga shi har an fara liƙa fastocin na uku a lungu. Farin jikinta ya koma ruwan ƙwai, ƙaho ɗaya ya karye an ɗaure shi da zaren ɗinki.

Kyari yana hure mata ƙura sai ya tsaya. A kan murafan kwalba huɗu aka ɗora ta, don iska ta ratsa ta ƙasa. A gefe kuma, ƙarƙashin wani zanin, ga wata 'yar fanka ta tebur an karkata kanta daidai saitin rautar.

"Nafisa, marigayi yakan hawo nan kafin karatunki?"

Sai ta tuna. Kullum biyar saura kwata Isyaku yakan ce bari ya hau ya sauya riga. Ashe zuwa yake ya zare wa tsohuwar na'urar wuta ta huta, ya mayar, ya kunna mata fanka, ya sauko. Bai taɓa faɗa mata ba, ita ma ba ta taɓa tambayar abin da zai sa mutum ya hau sauya riga ya sauko da wadda ya hau da ita ba. Shekara huɗu tana zaton na'urar ce mai ƙarko. Ta ja hijabi ta rufe rabin fuskarta, ta ce wa Kyari ya ci gaba da aikinsa.

Ya kunna fankar, ya bi waya zuwa soket. Cajar da ke ba rautar wuta ta kumbura, tana ɗan wari kamar roba a bakin murhu. Ya buɗe jakarsa ya zaro sabuwa. Gwadabe, wanda ya yaye zanin kujera ya zauna, ya yi gyaran murya.

"Ba a musanya komai."

"Malam, caja ce kawai. Ga tsohuwar nan a wurinta za a bar ta."

"In ka sa taka ka shigar da abin da ba na mamaci ba. Ranar rabo wa zai bambance?"

Kyari ya kalli ƙanwarsa, ya kalli silin, ya mayar da cajarsa cikin jaka. Suka zauna jiran iska ta yi aikinta. Da jikin rautar ya yi sanyi ya haɗa wayarsa da wayfay ɗin, ya kira matarsa Tani ta bidiyo don gwaji. Hoto ya fito tas, har ana jin kukan akuyarsu daga can. Nafisa ta fara hamdala a zuci. Ba ta kai ƙarshenta ba fuskar Tani ta tsaya cak da baki a buɗe, fitilun rautar suka hau ƙyaftawa kamar za su fita.

Huɗu da minti talatin da biyar.

Kyari ya daina wasa da dariya. Ya shiga yi mata tambayoyi irin na likita. Da safe yaya take yi? Ta ce tana ɗingisawa amma tana tafiya, saƙo na shiga yana fita. Da Azahar fa? Haka. To yaushe take zubewa? Ta ce bayan La'asar, kullum, kamar an yi mata alƙawari, ita ta ɗauka zafin yamma ne. Ya girgiza kai ya ce zafi ya fi yawa da Azahar. Tsohuwar rauta kamar tsohuwar mace take, tulu ɗaya za ta iya ɗauka ta lallaɓa da shi, in aka ɗora mata na biyu sai ta zauna. Akwai mai ɗora mata na biyun. Wataƙila wani maƙwabci ya san lambar sirrin yana jan fina-finai da yamma, bari ya shiga cikinta ya ga su wa ke ciki.

Shigar tana buƙatar wata lambar daban, wadda Isyaku kaɗai ya sani. Kyari ya ɗan karkata rautar a hankali don kada wuta ta zare, ya ga an yi rubutu da biro a gindinta. Da ajami ne, kuma hannun Isyaku ko a boko sai an yi da gaske. Ya juya kai ya sake juyawa, abin ya gagare shi.

Nan fa Malam Gwadabe ya samu fagensa. Ya miƙe ya sa tabarau, ya ce yaran yanzu an iya taɓa gilashi amma rubutun iyaye ya gagara. Ya sunkuya ya karanto harafi bayan harafi, har da gyara wa Kyari inda ya ji ba daidai ba, sannan ya koma kujera ya ci gaba da jan carbi yana gyaɗa kai.

Shafin ya buɗe. Kyari ya duba, ya sake dubawa, fuskarsa ta sauya. Ya ce wa Nafisa ta ɗan matso kan matakala ta riƙe masa waya ya gwada ƙarfin sabis daga can. Da suka fita daga idon Gwadabe ya rage murya.

"Waya uku ce a ciki. Ga taki, ga tawa. Karanta mini ta ukun."

Isyaku Mai Hula.

Ta karanta sau biyu, harufan suna rawa a idonta. Ta ce tsohon suna ne na'urar ta riƙe, ai ya daɗe yana amfani da ita. Kyari ya ce a'a, wannan shafin waɗanda ke ciki yanzu yake nunawa, a wannan mintin.

Ranar da Isyaku ya yanke jiki ya faɗi a bakin masallaci bayan Azahar, Gwadabe ne ya kai shi asibiti, shi ne kuma ya dawo da kayansa a leda: agogo, hula, takalmi, mukullai. Waya ya ce ta salwanta a cikin turmutsitsin jama'a. Nafisa ta yi mako tana kiran lambar ana ce mata a kashe take. Kukan wayar nan daban ta yi shi, don hotunan Mero tun tana cikin zani suna ciki, muryar Isyaku ma a ciki take.

Kyari ya nuna mata wata lamba da ke ta hawa a gefen sunan. Ya ce wayar cike take da hotunan huluna da bidiyon da marigayi yake tura wa masu saye, kuma an saita ta duk lokacin da ta samu wayfay ta kwashe su ta tura ma'ajiya ta intanet. Da ta shigo sai ta danne hanya gaba ɗaya, rautar ta sume, in ta farfaɗo wayar ta sake farowa daga farko. Haka za su yi ta yi har abada.

"To ko tana ƙarƙashin zannuwan nan ne ba a gani ba?"

"Wayar da ta kwana hamsin ba caji? Nafisa, wani ke yi mata caji. Kuma kusa take, dubi ƙarfinta, ya fi na tawa da nake tsaye a nan."

Ba ta so ta tuna ba, amma tunanin ya zo da kansa. Rana ɗaya tak karatu ya kai ƙarshe, Juma'ar da ta wuce. Ranar ce Malam Gwadabe ya tafi ɗaurin aure Gaya bai zo gaida tsohuwa ba.

Ta leƙa ɗakin. Ƙaramar wayarsa mai madannai tana kan cinyarsa inda kowa ke ganinta. Aljihun jamfarsa na hagu kuwa, ƙarƙashin babbar riga, ya ɗan rinjaya ƙasa.

Ta tambayi Kyari ko zai iya korar wayar daga nan ba tare da kowa ya sani ba. Ya ce zai iya, amma wannan tsohon samfurin duk abin da aka sauya mata sai ta kashe kanta ta sake tashi, kuma da kumburarriyar cajar nan bai yi mata alƙawarin za ta tashi ba. In ma ta tashi tana iya cin minti ashirin. A jira Gwadabe ya tafi kuwa ba zance ba ne, zai kulle ɗaki ya sauka ya zauna ƙofar tsohuwa har Magariba, daidai ƙarƙashin tagar. Hanya ɗaya ce mai tabbas, a kashe waccan wayar.

Biyar saura goma sha biyu.

Abin mamaki, ba fushi ta ji ba. Gajiya ta ji, irin wadda ke sauka har cikin ƙashi. Ta san wanda za ta yi wa magana. Shi zai zauna a kan rabon gado, rabon Mero ta hannunsa zai bi, kuma saura mata kwana saba'in da takwas a ƙarƙashin rufin uwarsa. Ta kuma san in yaran nan tara suka tafi, gobe ita ce za ta riƙa aiken Mero wurinsa neman cefane. Ba ta ma son sanin dalilinsa. Awa ɗaya take so.

Ta koma bakin ƙofa ta tsaya, kanta a ƙasa.

"Yaya Malam."

"Na'am. An gama ne a rufe?"

"Alfarma nake nema. Wayar Baban Mero da ke aljihunka, don Allah ka kashe mini ita awa ɗaya. In na gama karatu ka kunna abarka."

Carbin ya tsaya.

"Me kika ce?"

Ta maimaita, da murya ɗaya, ba ta ƙara ba ta rage ba. Sai ya juya kan Kyari. Ya ce dama abin da aka shirya ke nan, a sa shi ya buɗe ɗaki don a kira shi ɓarawo a gidan ubansa? Tarbiyyar gidansu ke nan, mace tana cikin takaba, ƙasar kabarin mijinta ba ta gama kwanciya ba, ta ɗaga ido ta tuhumi yayansa? Shi da ya wanke mamacin da hannunsa? Kyari ya miƙa masa waya ya ga shafin. Gwadabe ya ture hannun ko kallo bai yi ba.

"Na'ura ce za ta ba da shaida a kaina? Wayar da na zare wa layi da hannuna, ta ina za ta yi magana da wannan akwatin?"

Shi da kansa ya ji abin da ya faɗa, don bakinsa ya ɗan motsa kamar mai son mayar da magana ciki. Bawan Allah ya ɗauka in aka cire wa waya layi ta zama kurma kuma bebiya. Kwana hamsin yana shigowa da ita gidan, tana gaisawa da tsohuwar ƙawarta ta saman bene, shi yana ƙasa yana jan carbi.

Ya miƙe ya zaro mukulli. Ya ce kowa ya fita, an gama, ɗaki zai koma yadda yake. Har ya ɗauki kwandon zai sake kifewa. Kyari ya rataya jakarsa ya dubi ƙanwarsa, amma Nafisa ba ta motsa daga bakin ƙofa ba. Ƙofar tsohon gini ce, mutum ɗaya take ci, kuma Malam Gwadabe, duk fushinsa, ba zai goga kafaɗa da matar ƙanensa mai takaba ba.

"Matsa in wuce."

"Ka yi haƙuri, Yaya Malam. Ba zan matsa ba."

"Ni kike faɗa wa haka?"

"Ban tambaye ka me ya sa ba. Ba zan faɗa wa kowa ba. Saura minti shida."

Sai suka ji numfashi a bayanta, mai nauyi, da ƙarar sanda tana dukan matakala ɗaya bayan ɗaya. Hajiya 'Yardada ce, wadda rabonta da hawa benen nan tun kafin a haifi Mero. Ashe tun hawansu tana zaune a gindin matakala, kuma kunnenta ba irin gwiwarta ba ne. Nafisa ta matsa mata da sauri ta kama hannunta. Tsohuwar ta zauna a bakin gadon ɗanta, ta shafa zanin da aka lulluɓe shi da shi, ta jira numfashinta ya dawo. Nafisa ta sunkuyar da kai tana jiran a tsine wa Gwadabe ko a tsine mata, ba ta san wanne ba.

"Ni na ba shi ajiya," in ji tsohuwar. "Kashe ta, Babba. Bar yarinya ta yi karatunta."

"Hajiya, in aka kashe ta ƙi tashi fa? Shaidar..."

Ya haɗiye sauran. Tsohuwar ta miƙa hannu, ya zaro wayar daga aljihu kamar mai cire ƙaya ya ba ta, ita kuma ta miƙa wa Kyari. Ga ta nan, da fashewar gilashinta ta gefe, da hoton Mero a fuskarta. Kyari ya ce ba sai an kashe ba, ya ja yatsa ya rufe mata wayfay kawai ya mayar wa tsohuwa. Fitilun rautar suka daina ƙyaftawa, suka tsaya kore shar a jere.

Nafisa ba ta kalle su ba.

"Shaidar me, Hajiya?"

Wayarta ta ɗauki ƙara a hannunta. Biyar daidai, sunan Hajiya Fatima a kan gilashi, sabis a cike har baki.

"Ɗauki," in ji tsohuwar. "Abincinki ne, kada ki bari ya wuce. In kin gama ki same ni a ɗaki ki ji muryar mijinki. Safiyar ranar da zai rasu ya ɗauki magana a kanki a wayar nan. Ni na ce a rufe maganar sai kin fita takaba, don ban ga inda za ki da marainiya ba." Ta share ido da bakin mayafi. "Shi kuwa Babba tun ranar yake ce mini babu takaba a kanki."

Nafisa malama ce, ba ta buƙatar fassara. Mace ɗaya ce mijinta zai mutu a ce ba takaba a kanta, wadda igiyar aurenta ta gama tsinkewa kafin ya cika. Kuma kowa a gidan nan ya san igiya ɗaya ce ta rage tsakaninta da Isyaku tun rigingimun farkon aurensu.

Wayar tana ta ƙara. Yatsanta ya danna da kansa. Fuskoki tara suka bayyana, tas, ba wadda ta daskare.

"Assalamu alaikum, Malama. Yau muna ganinki sosai."